Me ya sa rubutun salula yake ɓacewa a rana: sharhi kan zaɓen launukan manhaja

Ranar 28 ga watan Yuni na 2025 wata dokar Tarayyar Turai ta fara aiki. Dokar ta wajabta wa bankuna da kamfanonin sadarwa da masu ciniki ta intanet su gyara shafukansu da manhajojinsu yadda mai larurar gani ko ta ji zai iya amfani da su. Ba ta hau kan Nijar ba, kuma ko a can Turai an ɗauke wa ƙananan kamfanonin hidima masu ma'aikata ƙasa da 10 da ɗan ƙaramin juyin kuɗi. Amma iskarta tana kaɗowa har Maradi, ta hannun samarin da ke karɓar aikin zanen shafi daga Faransa ko Beljiyam. Mutum zai kwana yana zaɓen launi, ya tura aiki, a maido masa da shi da ɗan gajeren saƙo cewa rubutun kan maɓalli bai kai 4.5 ba. Huɗu da rabi na me? Wa ya yanke wannan adadi, kuma da wane awo?

Ɗan kasuwar da ke sayar da aya ko wake a babbar kasuwar Maradi bai taɓa jin labarin dokar ba, amma matsalar da aka yi ta dominta tana samunsa kullum da azahar. Saƙon kuɗi ya shigo, ya ɗaga salula, allon ya zama kamar madubi. Sai ya kare da tafin hannu, ko ya koma ƙarƙashin rumfa, kafin ya gane ko jika 15 aka turo ko jika 75. Yawanci laifin yana faɗawa kan rana ko kan wayar. Wani kaso na laifin kuwa yana wuyan wanda ya zaɓi launin rubutun tun farko.

## Launi a baki da launi a allo

Bahaushe yana da ja da fari da baƙi, yana da kore da shuɗi da rawaya. Daga nan sai ya koma aro daga abin da ido ya saba gani: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, ruwan zuma. Wajen sayen atamfa wannan ya isa, domin turmin yana gabanka. In mai shago ya ɗauko wanda ba shi kake nufi ba sai ka ce a'a, wancan na sama. A aikin manhaja babu turmi a gaba. In Alhaji ya ce a yi masa maɓalli ruwan goro, wane goron yake nufi, wanda aka tauna yanzu ko wanda ya kwana ya bushe?

Allon salula lamba yake ganewa. Kowane ɗigo na allon yana ɗauke da ƙananan fitilu uku, ja da kore da shuɗi, abin da ake taƙaitawa da RGB. Kowace fitila tana da matakan haske daga 0 zuwa 255. In aka ninka 256 sau uku ana samun launuka 16,777,216. A kashe fitilun duka, baƙi ke nan. A kunna su har ƙurewa, fari ya fito. A kunna ja da kore a bar shuɗi a kashe, sai a ga rawaya, abin da zai ba mai fenti mamaki, tun da shi in ya gauraya jan fenti da kore abin da ke fitowa ya fi kama da laka. Dalilin shi ne fitila ƙara haske take yi a kan haske, fenti kuwa shanye haske yake yi.

Masu gina shafi suna rubuta waɗannan lambobi a dunƙule, da alamar # a gaba da haruffa shida, biyu ga kowace fitila. #FF0000 ja ne zalla, #000000 baƙi, #FFFFFF fari. FF ɗin nan shi ne 255 a ƙirgen da ke tafiya sha shida-sha shida. Ma'aunin da yawancin shafukan intanet ke bi sunansa sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996 domin lamba ɗaya ta ba da launi ɗaya a kowace na'ura. A takarda haka yake. A hannu kuwa, allon waya mai tsada da allon waya mai araha ba sa fito da shuɗi iri ɗaya, kuma gilashin kariyar da ya sha ƙura da zage yana rage wani abu.

Injin buga takarda da allon talla yana aiki da tawada huɗu, CMYK, kuma akwai launukan da fitila ke iya fitarwa waɗanda tawada ba ta kai musu. Shi ya sa tambarin da ya yi sheƙi a salula yake fitowa a dushe in aka kai shi wajen mai buga kyallen talla. Sau da yawa ba ha'inci ba ne, iyakar tawadar ke nan.

## Jinsi, kauri da haske

Lambobin RGB suna yi wa na'ura daɗi, amma ɗan Adam ba ya tunani da su. Babu mai cewa a ƙara masa 40 a fitilar kore. Abin da ido ke rarrabewa abu uku ne, kuma marina sun san su tun kafin a ƙera kwamfuta.

Na farko jinsin launi: ja ne, ko kore, ko shuɗi. Na biyu kaurinsa, wato ko ya kama sosai ko ya koɗe ya doshi ruwan toka, kamar zanen da ya sha wanki da rana. Na uku haskensa. Mai rini da baba in ya tsoma farin ƙyalle sau ɗaya a karofi, shuɗi mai haske ke fitowa. In ya yi ta tsomawa yana shanyawa, sai ƙyallen ya yi duhu har ya kusa baƙi. Jinsin bai sauya ba, shuɗi ne tun farko har ƙarshe. Hasken ne ya yi ta raguwa.

Tsarin da ake kira HSL yana ba kowane ɗaya daga cikin ukun lambarsa. Ana jera jinsin launi a kan da'ira mai digiri 360, tunanin da ya samo asali daga da'irar launuka da Isaac Newton ya wallafa a 1704. Ja yana kan 0, rawaya 60, kore 120, shuɗi 240. Kauri da haske kuma ana auna su da kaso cikin 100. Da wannan tsari mai zane zai iya riƙe jinsi ɗaya ya yi ta hawa da sauka da haske, kamar dai mai rini.

Sai dai HSL yana da yaudara, kuma a nan ne masu koyo da yawa suke faɗawa rami. A lissafinsa, rawaya zalla da shuɗi zalla duk haskensu kashi 50 ne. Ido ya san ƙarya ne. A rubuta kalma da rawaya a kan farin allo, da ƙyar za a gan ta. A rubuta ta da shuɗi, ta fito sarai. Idon ɗan Adam ba ya ba fitilun uku daraja ɗaya. A lissafin hasken da ake amfani da shi a intanet, kore yana ɗaukar kusan kashi 72 cikin 100, ja kashi 21, shuɗi kashi 7 kacal. Rawaya haɗin ja ne da kore, don haka haskensa ya kusa 93, dab da fari. Shuɗi yana nan a 7, dab da baƙi.

Domin gyara wannan ne aka ƙirƙiro wasu tsare-tsare masu bin yadda ido ke gani. Akwai CIELAB tun 1976. A 2020 wani injiniya ɗan ƙasar Siwidin, Björn Ottosson, ya fitar da Oklab, wanda daga gare shi aka samu OKLCH, kuma zuwa 2023 manyan manhajojin buɗe shafi sun karɓe shi. A OKLCH, launuka biyu masu lambar haske ɗaya suna bayyana kusan daidai a ido ko da jinsinsu ya bambanta. Ga mai gina jerin launuka wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Akwai kuma abin da babu lambar da ke kama shi ita kaɗai: launi yana sauya fuska gwargwadon maƙwabcinsa. Wanda ya yi fice da bayanin wannan ma shugaban marina ne. Michel-Eugène Chevreul, masanin sinadarai da ke kula da sashen rini na masaƙar Gobelins a Paris, ya sha samun ƙorafi cewa baƙin zarensu ba ya kamawa. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiya lau yake, launukan da ake saƙawa a gefensa ne suke sa ido ya gan shi daban. Ya wallafa bayanin a 1839. Duk telan da ya taɓa ɗora zaren aiki a kan shadda ya ga ya sauya kama ya san wannan. Ma'anarsa ga mai manhaja ita ce ba a yanke wa launi hukunci shi kaɗai a cikin akwati. Sai an ɗora shi inda zai zauna.

## Daga ina 4.5 ta fito

Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin intanet, ita ce ta fitar da jagorar da ake kira WCAG. Zubi na 2.0 ya fito a Disambar 2008, na 2.1 a Yunin 2018, na 2.2 a Oktoban 2023. Ma'aunin fasaha da Turai ke dogaro da shi wajen shafuka daga wannan jagora ya ɗebo sharuɗɗansa.

Abin da ake aunawa shi ne tazarar haske tsakanin rubutu da shimfiɗar da ke bayansa. Ana ba kowane launi lambar haske daga 0 zuwa 1, a ƙara wa kowace 0.05, sannan a raba babbar da ƙaramar. Fari a kan fari yana ba da 1 da 1, wato babu tazara. Baƙi a kan fari yana ba da 21 da 1, kuma babu abin da ya wuce haka. Jagorar ta ce rubutu na yau da kullum ya kai aƙalla 4.5, manyan haruffa su kai 3, iyakar akwatin rubutu da alamomi masu ma'ana su ma su kai 3. Mai son mataki na ƙoli ya kai 7. Tambarin kamfani da maɓallin da aka kashe ba su shiga wannan sharaɗi.

Adadin ba daga sama ya faɗo ba. Tsofaffin ma'aunai sun ɗauki 3 a matsayin abin da lafiyayyen ido ke buƙata. Sai aka ninka shi da ɗaya da rabi domin wanda ganinsa ya ragu zuwa abin da likitocin ido ke kira 20/40, raunin da aka saba samu a wajen dattijon da ya doshi shekara 80. Uku sau ɗaya da rabi ya ba da 4.5.

In aka gwada launukan da aka fi so a kan farar shimfiɗa, abin yana ba da mamaki. Shuɗi zalla ya kusa 8.6, ya wuce. Ja zalla 4 ne, ya faɗi da kaɗan. Kore zalla bai kai 1.4 ba. Rawaya 1.07, kusan babu shi. A cikin ruwan toka, #767676 shi ne mafi haske da ke tsallakewa, da 4.54. Wanda ke binsa, #777777, ya tsaya a 4.48. Ido ba zai bambanta su ba, amma na'urar bincike za ta kayar da ɗaya ta ɗaga ɗaya. Wannan shi ne irin abin da ke ƙona wa masu zane rai, ko da yake kowace iyaka dole ta faɗa a wani wuri.

Ɗan ƙarin nan na 0.05 ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi shafar Maradi. An saka shi ne a madadin hasken waje da ke faɗowa kan allo ya dawo ido, kuma adadi ne na zaman ɗaki. Rana tsaka ta watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba zaman ɗaki ba ce. A ɗauka, domin misali kawai, hasken da ke dawowa ya ninka sau goma ya zama 0.5. Ruwan tokan nan da ya ci jarrabawa da 4.54 zai sauko kusan 2.2. Baƙi zalla ma, mai 21, zai koma 3. A ƙara da cewa mutane da yawa suna rage hasken allo domin batir ya kai dare saboda ɗaukewar wuta. Ke nan ga manhajar da za a yi aiki da ita a tasha, ko a bakin kasuwa, ko a hannun ɗan kabu-kabu, 4.5 bakin ƙofa ne kawai. Adadin kuɗi da sunan mai karɓa sun fi dacewa da rubutu mai duhu sosai a kan shimfiɗa mai haske sosai.

## Rigimar maɓallin ruwan goro

Ba kowa ne ya gamsu da wannan lissafi ba, kuma misalin da aka fi kafa hujja da shi ya shafi launin da ɗan Nijar yake gani a tutarsa kullum. A ɗauki ruwan goro mai haske, #FFA500. Farin rubutu a kansa yana ba da 1.97, baƙi yana ba da 10.6. A nan babu gardama, baƙi ya yi nasara. Gardamar tana tasowa in ruwan goron ya ɗan yi duhu ya doshi ja. A wannan tsakiyar, lissafi yana ci gaba da fifita baƙi, alhali mutane da dama in aka nuna musu biyun sai su ce farin ya fi karantuwa.

Masu suka suna cewa lissafin WCAG bai bi yadda ido ke aiki a launuka masu duhu ba, yana ba haɗin duhu da duhu maki fiye da yadda ya cancanta, kuma bai damu da siririn harafi ko kakkaura ba sai a matakai biyu kawai. Daga wannan ɓangare ne aka samu wani sabon awo mai suna APCA, wanda Andrew Somers ya ƙirƙira. Shi yana la'akari da girman harafi da kaurinsa, kuma yana bambanta farin rubutu a kan baƙi da baƙin rubutu a kan fari. An tattauna shi wajen shirya WCAG 3, wanda har yanzu daftari ne.

Masu kare tsohon awon kuma suna cewa sauƙinsa shi ne ƙarfinsa. Kowa na iya lissafa shi, kayan bincike na kyauta sun cika intanet, dokoki sun riga sun rataya a kansa, kuma "ya fi mini kyau a ido" hujjar mai lafiyayyen ido ce a kan allo mai kyau.

A aikace ba dole ba ne mai zane ya shiga jam'iyyar kowa. In kwangilar ta ce WCAG, lambarta ce za a bi. Kuma yawancin rigimar tana mutuwa in aka fita daga tsakiya: ko a duhunta ruwan goron har farin rubutu ya kai 4.5, ko a haskaka shi a sa baƙi.

## Ja da kore

Mu ƙaddara an yi wa wani dillalin gyaɗa manhajar rubuta bashi. Wanda ya biya an sa masa ɗigo kore, wanda ake bi an sa masa ja. Girman ɗigon ɗaya, siffarsa ɗaya. Ga yawancin mutane wannan ya wadatar. Ga wasu kuwa ɗigon biyu kusan abu ɗaya ne.

A bayan ido akwai ƙwayoyin gane launi iri uku. In ɗaya ta rasa ko ta karkace, wasu launuka sai su haɗe, kuma mafi yawan lokaci ja da kore ne abin ke shafa. Wanda ya yi lakwal zai tuna da kalmar da Faransawa ke kiran larurar da ita, daltonisme, wadda aka ciro daga sunan John Dalton, masanin Ingila da ya bayyana tasa matsalar a 1794. Gadonta ake yi ta ɓangaren uwa, kuma ta fi kama maza nesa ba kusa ba. A cikin mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kusan namiji 1 cikin 12 yana da ita, mace kuwa 1 cikin 200. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma akwai su a kowane gari, kuma da yawa ba su ma san suna da ita ba, tun da haka suka buɗe ido suka ga duniya.

Saboda haka jagorar ta hana a dogara da launi shi kaɗai wajen isar da saƙo. A sa alamar dacewa kusa da kore, a sa alamar giciye ko kalmar "bashi" kusa da ja. A kuma bambanta haskensu, ɗaya ya fi ɗaya duhu, yadda ko an mayar da allon baƙi da fari za a rarrabe su.

A nan akwai wani ɓangare da littattafan Turai ba su cika kawowa ba. A Nijar manya da yawa ba su karanta boko, ko suna karanta ajami amma manhajar da Faransanci take. Irin wannan mutum da launi da wuri yake haddace hanya: danna koren nan na ƙasa, sannan shuɗin dama. Haka ake koya wa Hajiya kiran ɗanta ta WhatsApp. Gare ta launi shi ne rubutun. Kamfanin da ya wayi gari ya sauya launin maɓallin aikawa domin ado ya goge mata hanyar da ta haddace. Haka nan in maɓallin "aika" da na "soke" suka yi kama, kuskuren kuɗi ne zai biyo baya.

Batun ma'anar launi kuma ana yawan zuzuta shi. Za a ji ana cewa shuɗi amana ne, kore kwanciyar hankali, kamar haka Allah ya halicce su. Al'ada ce ke ɗora ma'ana. A kasuwar hannun jari ta ƙasar Sin ja yana nufin farashi ya hau, kore ya sauka, akasin Amurka. A Hausa fari yana tafiya da alheri, farin ciki da farin jini, baƙi da kishiyarsu, ja kuma da ƙarfi ko wuya, kamar jan aiki da jan hali. Kore yana tuna wa mutane da yawa addini. Amma abin da ya fi tasiri a kan allo shi ne sabo: shekaru na amsa kira da kore da kashewa da ja sun riga sun kafa doka a yatsun mutane. Kamfanin da tambarinsa ja ne, kamar Airtel, dole mai zana masa manhaja ya nemi hanyar da jan tambari ba zai rikice da jan gargaɗi ba.

## Yadda ake jera launukan

Mai koyo yakan fara da tambayar wane launi ya fi kyau. Ƙwararru sukan fara da waɗanda ba a lura da su. Mafi yawan fuskar manhaja fari ne da baƙi da ruwan toka: shimfiɗa, rubutu, layukan raba sashe, akwatunan cikewa. In waɗannan suka zauna daidai, rabin aiki ya ƙare. Ana iya ɗan ɗiga musu jinsin launin kamfani kaɗan domin kada su yi sanyi kamar siminti.

Sannan a ɗauki launi ɗaya na gida, a yi masa tsani daga mai haske sosai zuwa mai duhu sosai. Tsarin Material da Google ya fitar a 2014 ya yaɗa al'adar lamba matakan daga 50 zuwa 900, Tailwind, wani kayan aikin masu gina shafi, kuma ya kai nasa har 950. Matakai masu haske na shimfiɗa ne, na tsakiya na maɓalli, masu duhu na rubutu. Amfanin tsanin shi ne a san tun farko wane mataki ke hawa kan wane ya ba da 4.5, maimakon a riƙa gwadawa a kowane shafi.

Bayan haka sai launukan saƙo: na kuskure, na nasara, na gargaɗi. Rawayan gargaɗi shi ne mai taurin kai, domin ba ya ɗaukar farin rubutu, kuma in aka duhunta shi sai ya koma ruwan ƙasa. Mafita ita ce a bar shi shimfiɗa a ɗora masa baƙin rubutu.

A ƙarshe ana raɗa wa kowane launi sunan aikinsa, kamar "shimfiɗa", "rubutun farko", "maɓallin aiki", "haɗari". In Alhaji ya dawo bayan wata shida ya ce shuɗin ya gundure shi, wuri ɗaya za a gyara.

Ƙa'idojin haɗa launi da ake koyarwa, irin su ɗaukar masu fuskantar juna a da'ira ko maƙwabta, da rabon 60 da 30 da 10 da aka aro daga masu ƙawata ɗaki, dabarun farawa ne, babu wanda zai kama ka in ka saɓa musu. Abin da ke bayansu dai gaskiya ne: in komai a allon yana ihu, ba a jin kowa. Launi mai kauri a ajiye shi domin abu guda da ake son yatsa ya taɓa.

## Baƙin allo da batir

Tun 2019, da fitowar Android 10 da iOS 13, waya tana iya komawa baƙar shimfiɗa gaba ɗaya. Ana yawan cewa wannan yana tanadin batir. Gaskiya ne a allon OLED, inda kowane ɗigo ke kunna kansa, baƙi kuma yana nufin ɗigon a kashe yake. A allon LCD, wanda yawancin wayoyi masu araha ke ɗauke da shi, ɗigogin tace haske kawai suke yi, fitila ɗaya ce a baya tana ci ko allon fari ne ko baƙi. Wanda ke riƙe da irin wannan waya, rage hasken allo ne ke tsawaita masa caji.

Ga mai zane, baƙin allo jerin launuka ne na biyu, ba juya na farko ake yi ba. Shuɗin da ya ba da 8.6 a kan fari yana komawa 2.4 a kan baƙi. Dole a haskaka launuka a rage musu kauri. Jagorar Material ta ba da shawarar shimfiɗa mai duhun toka, #121212, maimakon baƙi ƙirin. Da dare, a ɗakin da babu wuta, wannan yana hutar da ido. Da rana a fili kuwa baƙar shimfiɗa ta fi mayar da allo madubi.

## Inda abin zai taɓa mutane

Ga samarin da ke neman aikin waje, daga masu karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo zuwa masu koyon kansu ta YouTube, sanin wannan awo ya zama sharaɗin karɓar kuɗin aiki a wajen wasu abokan ciniki. Kayan aunawa ba sa buƙatar ko dala: manhajar Chrome ta kwamfuta tana nuna tazarar haske a cikin kayan aikin masu gina shafi, tana kuma iya kwaikwayon yadda mai larurar ja da kore zai ga shafin.

Ga masu aikin cikin gida babu dokar Turai a kansu, sai dai abokin ciniki da ke kuskuren karanta adadi. Gwajin da ya fi kowanne araha shi ne a ɗora manhajar a kan Itel ko Tecno mai sauƙin kuɗi, a rage haske zuwa rabi, a fita tsakar gida da ƙarfe ɗaya na rana, a miƙa wa dattijon da ya bar tabaransa a ɗaki.

Akwai kuma wani abu da ke tafe. Kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka ana iya sa ran ƙarin shafuka da manhajoji da Hausa. Rubutun Hausa yana da ƙananan lanƙwasa da Faransanci ba shi da su: ƙ da ɗ da ɓ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Lanƙwasar nan 'yan ɗigo ne kaɗan a kan allo, kuma ita ce ke fara ɓacewa in rubutu siriri ne mai ruwan toka. In ta ɓace, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, kuma wanda aka rubuta masa ya ɓare gyaɗa zai karanta bare.